Kyaftin Glover, Sojan Ruwan Da Ya Kafa Rundunar Hausawa A Ikko

Duk wanda ya duba tarihin rundunar sojan Nijeriya zai tarar ana fara lissafin shekarunta ne daga 1863, wato shekara 40 cif kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato. A Ikko aka dasa harsashinta, birnin da aka fi sani yanzu da Legas, kuma mutanen farko da suka saɓa bindiga a cikinta Hausawa ne, yawancinsu bayi da suka tsere wa iyayengijinsu. Baturen da ya tara su hafsan sojan ruwa ne na Ingila, mai suna John Hawley Glover, wanda aikin awon Kogin Kwara ya kawo shi ƙasar nan, daga baya ya tuɓe kayan sojan ruwa ya shiga sha'anin mulki.

An haifi Glover ran 24 ga watan Fabrairu 1829 a wani ƙauye mai suna Yateley a kudancin Ingila. Mahaifinsa limamin coci ne, wanda ya yi aiki a birnin Kolon na ƙasar Jamus. Yana ɗan shekara 12 aka sa shi aikin sojan ruwa cikin 1841, kamar yadda ake yi wa 'ya'yan masu rufin asiri na Ingila a wancan zamani, ya kuma sami muƙamin Laftana cikin 1851. Ya halarci yaƙin da Ingilishi suka yi da ƙasar Bama, inda aka ji masa mummunan rauni a wani wuri da ake kira Donabew ran 4 ga Fabrairu 1853. Da ya warke aka ba shi riƙon wani ƙaramin jirgi mai suna Otter daga 1855 zuwa 1857. Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne auna zurfin ruwa da zana taswira, kuma wannan ƙwarewa ce ta sa aka zaɓe shi zuwa Kwara.

A lokacin nan Turawa sun riga sun san inda Kwara ta faɗa teku, tun da Richard Lander da ƙanensa suka bi ta har bakinta cikin 1830. Abin da ya gagare su shi ne zazzaɓi. Ayarin da gwamnatin Ingila ta aiko cikin 1841 ya yi asarar Turawa fiye da 40 cikin 'yan watanni, har aka ɗauka kogin nan kabarin farar fata ne. Sai cikin 1854 wani likitan sojan ruwa, Dokta William Baikie, ya shiga Kwara da Binuwai da jirgin Pleiad, yana ɗura wa mutanensa kwinin kullum, ya fito bai rasa ko mutum ɗaya ba. Daga nan hanya ta buɗe. Cikin 1857 aka sake aiko Baikie da wani jirgi mai aiki da tururi, sunansa Dayspring, aka haɗa shi da Laftana Glover don ya zana taswirar kogin. A cikin jirgin har da Samuel Ajayi Crowther, wanda shi ma tsohon bawa ne da aka 'yanta, ya kuma zama bishop daga baya.

Tafiyar ba ta yi nisa yadda aka so ba. Sun wuce Raba ta ƙasar Nufe ke nan, cikin watan Oktoba 1857, ruwa ya fizgi jirgin ya maka shi da dutse kusa da Jabba, ya nutse. Ba wanda ya mutu, amma kaya sun salwanta, mutanen kuwa suka kafa bukkoki a bakin kogi suka zauna jiran gudummawa har kimanin shekara guda. Glover bai yarda da zaman jira ba. Ya shiga kwalekwale ya bi kogin zuwa sama yana awo har Busa, inda Mungo Park ya halaka cikin 1806, garin da ruwan madatsar Kainji ya cinye tun 1968. Bayan haka ya ratsa ƙasar Yarbawa ta tudu tsakanin Kwara da Ikko, ba sau ɗaya ba, har ya dangana da Saliyo neman ma'aikata. A cikin wannan kai da kawowa ne ya san Hausawa, kuma daga nan ne rayuwarsa ta juya.

Mai karatu zai so ya san abin da ya kai Hausawa Ikko da Abekuta da Badun a tsakiyar ƙarni na 19. Wasu fatake ne da suka je da ƙafarsu, amma mafi yawa a ɗaure aka kai su. Ƙasar Hausa ba ta zauna lafiya ba bayan jihadi. Katsinawan da suka koma Maraɗi ba su daina kawo hari ba, musamman a zamanin Sarki Ɗan Baskore, suna bi ta dajin Rugu suna faɗa wa garuruwan yamma da kudancin Katsina. Daga kudu kuma Umaru Nagwamatse, wanda ya kafa Kwantagora, yana kai farmaki ƙasar Gwari da makwabtanta. Yankin da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da 'Yankara suke a yau yana tsakanin waɗannan wutace biyu, gaba kura baya sayaki, shi ya sa mutanen wancan zamani suka riƙa raɓawa jikin duwatsu suna kewaye garuruwansu da ganuwa. Wanda tsautsayi ya faɗa wa a gona ko a kan hanya, daga kasuwa sai kasuwa, ta Bida da Ilori, har ya tsinci kansa yana dakon manja ko tuƙin kwalekwale a bakin teku, inda ba ya jin yaren kowa.

Irin waɗannan mutane ne suka ji labarin wani Bature yana neman 'yan dako zuwa Kwara. A wurinsu Kwara ita ce ƙofar gida. Suka riƙa sulalewa daga gidajen iyayengijinsu suna shiga ayarinsa, shi kuwa ya ƙi mayar da su, har abin ya jawo masa rigima da masu bayi a kan hanya. A nan ya gane wani abu da ya riƙe har ƙarshen aikinsa a Afirka. Mutumin da ba shi da dangi a gari, ba shi da sarki, kuma ya san in aka kama shi bauta zai koma, ba shi da wanda zai dogara gare shi sai wanda ya ba shi bindiga da albashi. Ko tausayi ne ya fara motsa Glover, lissafi ne ya ɗore da shi, kuma ba a yi masa ƙage ba in an ce ya ga soja mai arha a inda wasu suka ga ɗan gudun bauta.

Ran 6 ga watan Agusta 1861 Ingilishi suka tilasta wa Sarkin Ikko Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa garinsa, aka yanka masa fansho na buhu 1,200 na wuri a shekara. Glover yana nan a lokacin yana aikin awon tafkunan da suka kewaye tsibirin. Cikin Nuwamba 1862 aka ƙara masa girma zuwa Kwamanda, aikinsa na teku kuma ya ƙare daga nan. Cikin Afrilu 1863 aka ba shi riƙon mulkin Ikko saboda rashin lafiyar Gwamna Freeman, cikin 1864 ya zama Sakataren Mulki, sa'an nan daga 1866 zuwa 1872 ya sake zama shugaban mulkin garin, a ƙarƙashin Babban Gwamna da ke zaune a Saliyo. Mutanen gari dai Kyaftin suke ce masa, Yarbawa kuma suka laƙaba masa Oba Goloba, wato Sarki Glover, sunan da ya dace da yadda ya tafiyar da al'amura.

Bisa ga tarihin da rundunar sojan Nijeriya take bayarwa, da mutum 18 ya fara cikin 1863. Kafin a jima sun kai ɗaruruwa, aka san su da sunan Hausawan Glover, daga baya aka mai da su 'yan sandan Hausa masu ɗauke da makamai, suna aikin soja suna aikin ɗan sanda. Ba dukkansu ne Hausawan asali ba. Akwai Nufawa da Barebari da sauran kabilun arewa, amma tun da Hausa ce ta haɗa su, kuma Musulmi ne, Turawa suka yi musu kuɗin goro. Dalilin da gwamnati ta so su a fili yake: sojan da ake kawowa daga tsibiran Indiya ta Yamma suna da tsada, Turawa kuwa zazzaɓi yana kashe su, ga shi kuma waɗannan baƙi ne a Ikko, ba za su ji nauyin kowa ba in an ce su kama shi. Mutanen gari ba su ƙaunace su ba. Sun yi ta kukan ƙwace da cin zali, har suka riƙa kiransu ɓarayi arba'in na Glover. Wanda jiya yake bawa a gidan mutum, yau ga shi da jar hula yana tsare shi a hanya, abin da masu gari ba su taɓa haɗiyewa ba ke nan.

Tun shekararsa ta farko ya gwada ƙarfinsa a kan Dosunmu. Da ya zargi sarkin da shirya tawaye cikin 1863, ya ƙwace masa makamai, ya ci shi tara, ya kuma dakatar da fanshonsa na ɗan lokaci. Amma babbar damuwarsa tana bayan gari. Ikko ba ta da abin shiga sai kuɗin kwastan, kwastan kuwa sai manja da auduga sun sauko daga cikin ƙasa, hanyoyin kuma suna hannun Egbawan Abekuta da mutanen Ijebu, waɗanda suke rufe su duk lokacin da suka ga dama, don kada bindiga da albarushi su kai ga abokan gabarsu na Badun. Glover ya karkata wajen Badun ƙiri-ƙiri. Cikin Maris 1865, sa'ad da Egbawa suka kewaye garin Ikorodu, ya ba su wa'adi su tashi, da suka ƙi ya aika musu soja da Hausawansa, aka watsa su da roka. Ikorodu kuwa ba ta cikin ƙasar da Dosunmu ya miƙa.

Abin mamaki, a cikin shekarar nan ta 1865 ne wani kwamitin Majalisar Dokokin Ingila ya ba da shawarar kada a ƙara ko taƙi ɗaya a kan abin da aka mallaka a Afirka ta Yamma, a ma fara shirin janyewa daga ko'ina ban da Saliyo. Glover ya yi kunnen uwar shegu da wannan. Shi a ganinsa Ikko ƙofa ce, kuma ƙofa ba ta da amfani in ba ta kai mutum cikin gida ba. Idonsa yana kan Ilori da Bida ta Etsu Masaba da kasuwannin Hausa da ke bayansu. Wannan shi ne ainihin ra'ayin da Goldie da Lugga suka zo suka aiwatar bayan shekara talatin da wani abu, sai dai su sun sami gwamnati mai goyon bayansu, shi kuwa bai samu ba.

Ba a hana shi yabo a kan gyaran gari. Ya shimfiɗa tituna, ya sa fitilu, ya haƙa rijiyoyi, kuma ƙofarsa a buɗe take ga talaka mai ƙara. Da Egbawa suka kori 'yan mishan daga Abekuta cikin 1867, Kiristocin garin suka kwararo Ikko, shi ne ya yanka musu filaye a Ebute Metta. Sojojinsa ma ya ba su wuraren zama. Amma kowane bawa da ya gudo Ikko ya sami mafaka ƙarin gaba ne tsakaninsa da Abekuta da Ijebu, waɗanda suke ganin dukiyarsu ce take tsiyaya zuwa barikin Bature. Cikin 1872 ya aiki wani hafsa mai suna Goldsworthy ya nemo sabuwar hanya ta gabas, ta ƙasar Ondo, wadda za ta kauce musu gaba ɗaya. Da suka ji haka suka toshe hanyoyinsu, ciniki ya tsaya cik, 'yan kasuwar Ikko, Turawa da baƙaƙe, suka yi ta aika ƙara Landan. Sabon Babban Gwamna, John Pope Hennessy, ya iso ya saurari masu ƙara, ya warware yawancin abin da Glover ya ƙulla. Glover ya tafi hutu Ingila cikin wannan shekara, ba a kuma mayar da shi kujerarsa ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da an manta da shi cikin jerin ƙananan gwamnoni. Sai ga yaƙin Tonawa, wato Asante, a ƙasar da ake kira Gana yanzu. Ingilishi sun karɓi garin Elmina daga hannun mutanen Holan cikin 1872, Sarkin Tonawa Kofi Karikari kuwa yana ganin garin nasa ne, saboda haka rundunarsa ta gangaro bakin teku a farkon 1873. Glover ya miƙa kansa, ya ce in an ba shi kuɗi da makamai zai tara Hausawa da mutanen gabashin ƙasar, ya bi Kogin Volta ya ɓullo wa Kumasi ta baya. Aka yarda. Amma kafin ya yi nisa aka naɗa Janar Garnet Wolseley shugaban yaƙin duka, da sojan Turawa, Glover ya koma ƙarƙashinsa, su biyun kuwa jininsu bai haɗu ba.

A birnin Ankara ya sake yin abin da ya saba. Ya buɗe ƙofa ga bayi 'yan arewa, inda iyayengiji suka tada jijiyar wuya ya biya su kuɗi ya karɓi mutanen ya sa musu kaki. Hukumar da take alfahari da hana cinikin bayi ga wakilinta yana sayen mutane don yaƙi, ko da yake sunan abin fansa. Ya kafa sansani a Ada, bakin Volta, ya tara dubban mayaƙa na sarakunan yankin, amma su hankalinsu yana kan tsofaffin abokan gabarsu na Anlo da ke ƙetaren kogi, ba su da niyyar tafiya Kumasi. Da umurni ya zo daga Wolseley cewa lalle ya ƙetare Kogin Pra ran 15 ga Janairu 1874, bai sami masu binsa nan take ba sai 'yan ɗaruruwan Hausawa da Yarbawansa. Da su ya ƙetare a ranar da aka ce.

A garin Abogu aka yi artabu, kuma a nan ne sunan ɗaya daga cikin mutanen nan ya shiga takardun gwamnatin Ingila. Samanja Braimah Doctor, wato Buraima, an harbe shi ya faɗi a fili ana ruwan harsashi, wani hafsa Bature mai suna Reginald Sartorius ya kutsa ya ɗauko shi. Samanjan bai tashi ba. Sartorius ya sami lambar Victoria Cross, wadda ba ta da sama a lambobin jaruntaka na Ingila, kuma cikin bayanin wannan lamba ne aka rubuta sunan Buraima. Shi dai wannan Sartorius ne daga baya ya ratsa tsakiyar ƙasar Tonawa da Hausawa 20 kacal don ya kai wa Wolseley saƙo.

Wolseley ya shiga Kumasi ran 4 ga Fabrairu, ya tarar sarki ya fice, ga damina tana barazana, ga sojansa suna faɗuwa da ciwo. Ya sa wa garin wuta ya juya bakin teku ba tare da wata takardar sulhu a hannunsa ba. Glover ya iso kangon Kumasi ran 12 ga wata. Labarin cewa ga wata runduna ta biyu tana tahowa daga gabas yana cikin abin da ya sa Kofi Karikari ya aika manzanni suka cim ma Wolseley a Fomena, aka yi yarjejeniyar da ta ɗora wa Tonawa biyan oza 50,000 na zinariya da sakin Elmina. Wolseley ne ya kwashe yawancin suna, amma Majalisun Ingila biyu sun yi wa Glover godiya, aka kuma ba shi lambar girma ta GCMG, ya zama Sir John Glover.

Yaƙin nan ya taɓa Hausawa ta wata fuskar da ba a cika ambata ba. Da ƙarfin Kumasi ya karye, ƙasar Gwanja ta yi tawaye, kasuwar Salaga wadda fataken Kano da Katsina suka ɗauki shekaru suna zuwa sarin goro ta fara ja da baya, sannu a hankali kuma goro ya koma bin jirgin ruwa daga bakin tekun Gana zuwa Ikko. Da yawa daga cikin sojan Glover ba su koma ko'ina ba, suka zauna a Ankara da sauran garuruwan bakin teku suka ƙara yawan jama'ar zango.

Shi kansa bai sake aiki a Afirka ba. Aka naɗa shi Gwamnan Newfoundland, wani tsibiri mai tsananin sanyi wanda yanzu yake cikin Kanada, ya kama aiki cikin 1876, shekarar da ya auri Elizabeth Rosetta Scott. Can ma halinsa na yawo bai bar shi ba, ya riƙa zagaya ƙauyukan masunta yana goyon bayan a shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Daga 1881 zuwa 1883 ya yi gwamna a tsibiran Leeward na Indiya ta Yamma, sa'an nan aka mai da shi Newfoundland, amma jiki ya riga ya gaji. Ya mutu a Landan ran 30 ga Satumba 1885 yana da shekara 56. Matarsa ta wallafa tarihin rayuwarsa cikin 1897. A Newfoundland akwai gari mai suna Glovertown, a Ikko kuma mutanen gari suka tara kuɗi aka aza harsashin ɗakin taro na Glover Memorial Hall cikin 1887, inda aka fara nuna majigi a Nijeriya cikin Agusta 1903.

Rundunar da ya bari ta fi duk waɗannan tsawon rai. Hausawan Ikko suna cikin waɗanda suka ci Ijebu cikin 1892, aka kuma sake kai su Kumasi cikin 1900. Da aka haɗa rundunonin Afirka ta Yamma wuri ɗaya suka zama bataliyar Ikko, bayan haɗewar Kudu da Arewa cikin 1914 kuma suka shiga rundunar Nijeriya. Sojan da suka fasa ganuwar Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris, sa'an nan suka rako Lugga Katsina a ƙarshen watan, inda Sarki Abubakar ya karɓe shi ba tare da yaƙi ba, ba daga bataliyar Ikko suka fito ba, Lugga da Kamfanin Kwara ne suka ɗauke su. Amma a kan tsarin Glover aka gina su: 'yan tsirarun hafsoshi Turawa a sama, a ƙasa kuwa talakawa da tsofaffin bayi masu jin Hausa, waɗanda sarautar ƙasarsu ba ta tsinana musu abin da za su kare ta dominsa ba. Hanyar da aka bi da kakanninsu kudu a ɗaure, ta nan irinsu suka komo arewa da bindiga. Hausa kuma ta zauna ita ce harshen bariki a Nijeriya da Gana har bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma cikin 2023 rundunar sojan Nijeriya ta yi bikin cika shekara 160, tana ƙirgawa daga mutum 18 ɗin nan na Ikko.